Ɗana, Ka Rage Lodin Nan

Na so in yi maka wannan magana baki da baki, amma kai yanzu ba ka zama. Kafin a idar da sallar asuba ka kama hanya, ba ka dawowa sai bayan isha'i. Shi ya sa na rubuta, don ka karanta a natse, in ka ga da hali ka karanta wa abokan sana'arka a tasha, domin ba kai kaɗai abin ya shafa ba.

Labari ya iske ni cewa a kakar bana kana ɗora buhu ashirin na gero a bayan Hilux ɗin nan daga ƙauyukan Ajingi, wajen su Toranke da Balare, ka fito da su Gaya, wani lokaci ka zarce har Dawanau, ga kuma masu kayan zaune a saman buhunan. Na ji kuma ka kai ta gareji an ƙara mata sifirin don kada ta durƙusa. Wanda ya ba ni labarin yabonka yake yi, ya ce a tasha an san ka da ba ka barin kaya a ƙasa. Ni dai ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Na san abin da ya kai ku ga haka. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023 lissafin kowane direba ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga nan ma ba ta tsaya ba. Mai mota yana jiran balas ɗinsa da yamma, 'yan kamasho suna da nasu, kayan gyara sun yi tsada, manomi kuma ba ya son jin an ce sawu biyu. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ɗauke ka mai haɗama ba. Na san kai ke riƙe da gidanku. Amma ƙarfen da aka ƙera motar da shi bai san an cire tallafi ba, abin da yake ɗauka jiya shi yake ɗauka yau.

Ka buɗe ƙofar motarka ka duba jikin ginshiƙin, ko ka ɗaga bonet, za ka ga wani ɗan faranti ko takarda da kamfani ya manna. A kai an rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai gaba ɗaya, da iyakar abin da ƙafar gaba za ta ɗauka, da na ƙafar baya. Yawancinku ba ku taɓa karanta shi ba. Hilux irin taka, ita kanta ba kaya ta doshi tan biyu, kuma abin da aka yarda ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, wato kilo 1,000, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan ɗara gwargwadon samfurinta. Abin da kuke mantawa shi ne, wannan tan ɗayan ba na buhu kaɗai ba ne. Kai kanka kana ciki. Yaron motarka yana ciki, da fasinjan gidan gaba, da ƙarafan da mai walda ya ɗaura a bodi, da jarkar man da kake ajiyewa, da igiya da tamfol. In mutum biyar suka shiga, sun ci sama da kilo 300. Abin da ya rage maka bai kai buhu bakwai na gero mai kilo ɗari ba. Kai kuma kana ɗora ashirin, tan biyu cur, kafin a lissafa ko mutum guda.

Ƙidayar buhu ita ke yaudarar ku. Buhun taki kilo 50 ne, haka na siminti, saboda haka ashirin ɗinsu tan ɗaya ne. Ashirin na gero ko dawa ko wake ninkinsa ne. Hatsin da aka sussuke bai gama bushewa ba ya fi wanda ya kwana biyu a rumbu nauyi. Yashin da aka ɗebo a jiƙe daga rafi, kafin ya cika bodi ya riga ya wuce ƙima nesa ba kusa ba, ido kuwa yana ganin kamar da saura. Ruwa kowace lita kilo ɗaya ce, duro biyar masu cin lita 200 sun cinye maka komai. Direban da ya san aikinsa da kilo yake lissafi, ko da babu sikeli a tasha.

To ga abin da na fi so ka riƙe a duk maganar nan. Injin motarka zai ja buhu ashirin, zai ja talatin ma in ka sa giya ta ɗaya ka danna totur. Wannan ne ya sa kuke cewa mota ta iya. Amma ɗaukar kaya bai cika ba sai an iya tsayar da shi, kuma birki ne mai wannan aikin. An auna shi ne a kan nauyin da ke rubuce a farantin nan. Aikinsa ya mai da gudu zafi. Motar da ya kamata ta tsaya a tan uku, ka kai ta huɗu da rabi, zafin da birki zai sha ya ƙaru da rabi. Gudu kuwa ya fi nauyi mugunta: in ka tashi daga kilomita 60 zuwa 90, aikin birki ya ninka har da ɗoriya. Ka haɗa biyun ka gani. Sau ɗaya zai kama, sau biyu zai kama, a na uku ya ɗau zafi, man birkin da ya daɗe ba a canza ba ya sha danshi ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Kuma irin wannan ba ya faruwa a fili inda babu kowa. Yana faruwa ne a shigar Wudil ranar Juma'a, inda shanu da 'yan acaɓa da masu talla suka cika bakin titi har kan gada, ko a cikin garin Gaya lokacin da aka tashi yara daga makaranta.

Sifirin da aka ƙara maka, ka san abin da ya yi? Ya ɓoye maka gargaɗi ne. Da can in ka wuce ƙima mota tana durƙusawa, kowa ya gani, kai ma ka ji kunya ka sauke buhu biyu. Yanzu tana tsaye ƙyam da tan biyu a kanta, sai ka ɗauka ƙarfi ta ƙara. Aksul ɗin na da ne, boris na da ne, kusoshin taya na da ne, birki na da ne, casis ɗin ma haka. Ƙari ma, sifiri mai tauri ba ya shanye duka. Duk ramin da ka faɗa, bugun ya wuce kai tsaye zuwa casis, kuma a nan ne tsagewa take farawa, siririya, a ƙarƙashin laka inda ba ka gani. Hilux mai gida biyu ta fi shiga haɗarin nan, domin bodinta gajere ne kuma yawancinsa yana bayan ƙafar baya. In ka buɗe ƙofar baya ka jera buhu a kanta, ka rataya nauyi ne can ƙarshen mota. Gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sakwal a hannu, fitila ta koma haska idon mai tahowa, casis kuma yana lanƙwasa tsakanin gida da bodi. Ka zaga garejin Kano ka ga motocin da bayansu ya karye a daidai wurin nan. Walda tana mai da su hanya, amma ba su ƙara komawa yadda suke.

Sai taya. Ita ma an rubuta iyakarta a jikinta. Irin tayar nan mai lamba 195R14C da ake sa wa tsofaffin Hilux da bas, za ka ga 106 a gefen lambar, ma'anarsa kilo 950 ne iyakar kowace ɗaya, shi ma sai an cika mata iska yadda ya kamata. Biyun baya ke nan kilo 1,900, kuma nauyin motar kanta ya riga ya ci wani kaso a ciki kafin ka ɗora buhun farko. Wannan kuma lissafin sabuwar taya ne. Ku gwanjo kuke saye, wadda ta gama aikinta a wata ƙasa. Akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka sa mai faci ya nuna maka, za ka iya tarar da tayar da kake dogara da ita ta girmi ɗanka na fari. Tayar da aka danne da lodi tana lotsawa a kowane juyi, lotsawar nan tana haifar da zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan yake haura digiri 40, kwalta tana turiri, ita ce take fashewa. Fashewar tayar baya da lodi mai tsawo a sama kuwa, kafin ka yi salati mota ta kwanta.

Hanyoyinmu ma suna da nasu hukuncin. Adadin da kamfani ya rubuta shi ne ƙarshen iyaka. A burji mai gargada da ramuka, mai hankali yana ragewa ne daga ciki. Hanyoyin ƙauyukan Ajingi rairayi ne da rani, laka da damina. A rairayi mota mai nauyi nutsewa take yi, sai ka yi ta wasa da kuloci har warinsa ya cika gidan gaba, lagireto ya tafasa. Dabarar rage iskar taya don a haye yashi tana aiki, amma ga mota mai sauƙin kaya, kuma sai an mayar da iskar kafin a hau kwalta. Wanda ya rage iska da tan biyu a baya ya hau titi ya kama gudu, shi ya kashe tayarsa da hannunsa. Da damina kuma gefen hanya yana da taushi, ƙafa ɗaya ta zurma, lodin da aka gina sama da kan mota ya rinjaya. Shanun da kuke kaiwa kara a Wudil sun fi buhu wuyar sha'ani, domin buhu yana zama inda aka ajiye shi, sa kuwa in ka sha kwana shi ma ya matsa. Manyan bijimai biyu sun ishe ta.

Na san amsar da ake bayarwa a tasha: Hilux ba ta mutuwa. Sunan da ta yi ba ƙarya ba ne. Tun 1968 Toyota ke yin ta, kuma a 1987 sojojin Chadi sun fatattaki na Libiya masu tankokin yaƙi da irin waɗannan motoci, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Amma abin da ya ba su nasara a saharar nan rashin nauyi ne da zafin nama, 'yan mutane da makami a baya, su ɓullo su ɓace. Ba wanda ya ɗora musu rumbu guda. Za ka kuma ce a zamaninmu ma ana lodi. Ana yi. Bayan da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, a-kori-kura 404 da 504 su ne suka riƙe ƙauyukan nan, kuma sun sha kaya. Sai dai a wancan lokacin hanya ba ta barin gudu, motar ma ba ta da shi, jama'a da ababen hawa ba su kai haka yawa ba. Duk da haka mun yi jana'izar abokan aiki da fasinjoji, kuma waɗanda suke ba ku labarin bajintar da ba su cika haɗawa da wannan ɓangaren ba. Yau kuna da inji mai ƙarfi da babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa Wudil ya biyo ta nan ya nufi Dutse. Lodin da ne aka ɗora a kan gudun yanzu.

Ƙannenka masu ƙananan motocin nan na Japan, Hijet da Suzuki Carry, su ma ka faɗa musu. A ƙasar da aka ƙera su kilo 350 doka ta yarda su ɗauka, buhu uku da rabi ke nan. Kai ka san nawa ake ɗora musu a nan.

Yanzu maganar ja. Na ji kana karɓar aikin jan tankin ruwa zuwa wurin gini, da injin casa daga gona zuwa gona. Wani ya gaya maka Hilux tana jan tan uku da rabi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba a gaya maka sharuɗɗan ba. Wannan adadi na sababbin samfuri ne masu injin gas, da maɗaurin ja na kamfani da aka ɗaure a casis, kuma sai tirelar tana da birkinta na kanta da ke kamawa tare da na mota. Tirelar da ba ta da birki, iyakarta kilo 750, har da nauyin ƙarfenta. Tirelolin da masu walda suke haɗa mana da tsohon aksul, wace ce a cikinsu take da birki? Tanki mai lita 2,000 tan biyu ne na ruwa zalla. Za ka ja shi lafiya lau, amma ranar da ka taka birki a gangara, shi zai tura ka. In kuma tankin bai cika ba ya fi muni, ruwan yana kai da komo a ciki, yana fizgar mota duk inda ya nufa. Ka kuma sani cewa tirela tana danna bayan mota da wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, wannan kuwa daga cikin tan ɗayan nan naka yake fita. Ba a cika bodi a kuma cika tirela a tafiya guda. Kayan tirela kuma a matso da mai nauyin gaban ƙafarta kaɗan. In nauyi ya koma baya, da ka ɗan yi gudu za ta fara kaɗa wutsiya, tun tana yi a hankali har ta kwashe bayan motarka.

Jan motar da ta mutu ma yana da ƙa'ida, kuma a nan na fi ganin ganganci. Motar da injinta ba ya aiki, birkinta ya yi tauri, sitiyarinta ma haka, domin injin ne ke taimaka musu. Wanda ke cikinta da ƙyar zai iya tsayar da ita. Shi ya sa ƙarfe ya fi igiya, tafiya kuma a hankali, da rana, a gefen hanya. Babbar mota kuwa aikin janwe ne, kada kunya ko kuɗi su sa ka karɓa. Motar da ta kafe a laka, abu na farko a sauke kayanta. Na san wahala ce a sauke buhu ashirin a cikin taɓo, amma ta fi a ɗaura waya a bamba ko a ƙwallon ja, a ja da baya a fizga. In wayar ta tsinke ko ƙarfen ya ɓalle, yana tashi ne da ƙarfin da zai fasa gilashi ya kashe na ciki. Kuma ka san yadda muke, mota ba ta kafewa sai yaran ƙauyen sun kewaye ta suna kallo. Ka kore su nesa kafin ka taɓa totur, ko da iyayensu za su ji haushi.

Mutanen da ke saman lodi su ne suka fi hana ni barci. Manomin da ya hau kan geronsa don ba shi da kuɗin mota biyu, tsohuwa mai zuwa kasuwa, mata da goyo masu tafiya biki. Ba su san lambar taya ba, ba su san shekarun man birkinka ba. Sun ga ɗan wane ne ke tuƙi, suka hau. Amana ke nan. Kakanka da jakuna ya yi fatauci, kuma ko a wancan zamani wanda ya labta wa jakinsa abin da ya fi ƙarfinsa, dattawa sukan tsayar da shi a hanya su sa ya rage, domin addini ya hana a ɗora wa dabba abin da ba za ta iya ba. In an kiyaye haƙƙin jaki haka, ina ga 'ya'yan mutane? Kada ka ce min komai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma an hore mu da ɗaukar sababi, kuma wanda ya san birkinsa ba zai riƙe ba ya ɗora mutane, akwai tambaya a kansa. Hukumar kiyaye haɗura tun 1988 take faɗa da lodin wuce kima, ga KAROTA a hanyoyin jihar nan, amma ba don tsoron tara nake so ka daina ba. A hanyar Kunkurawa ko Kademi babu jami'in da zai tare ka, daga kai sai Allah.

Ka zauna wata rana da biro da takarda ka yi lissafin shekara guda, kada ka tsaya kan na yini. Ka rubuta abin da buhunan ƙarin suka kawo maka. A ɗaya gefen ka rubuta tayoyin da ka canza, da kuloci, da boris, da shokozoba, da ƙarin man da mota mai nauyi take sha, da kwanakin da ta yi a gareji ana tsakiyar kaka kana kallon wasu suna aiki. Ka ƙara da abin da za ta rasa na daraja ranar da mai saye ya leƙa ƙarƙashinta ya ga walda a casis. Ina da yaƙinin abin da za ka gani, amma na fi so ka gani da idonka.

Abin da ya fi wuya shi ne faɗa wa mai kaya a'a alhali na bayanka a layi zai ce e. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, shi ya sa nake so ku kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarku ta direbobi, a tsayar da adadin buhu ga kowace irin mota, a daidaita kuɗin buhu yadda sawu biyu zai biya mai. Manoma za su yi ƙorafi, kuma suna da hujja, amma su ne ke zaune a saman lodin, in an yi musu bayani da mutunci za su fahimta. Mai motarka kuma ni zan same shi. Mun san juna tun kafin a haife ka, zan gaya masa balas ɗin da yake nema ba ya fitowa sai an ci zalin motarsa. Kai dai kafin kasuwa mai zuwa ka kai ta wurin bakanike a wanke ƙarƙashinta a duba casis, a zubar da man birkin nan a zuba sabo, ka kuma karanto min lambobin da ke jikin tayoyinka na baya. Ka gaida mahaifiyarka. Allah Ya tsare hanya, Ya yi maka albarka.